Mako uku ina saƙa, aka sallame ni da kuɗin zare

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Zariya, 'ya'yana biyu, ina koyarwa a wata makarantar firamare. Na koyi saƙar kwarashi a waya a 2020, lokacin kullen korona, don in rage zaman shiru, sai ta shiga raina. Kwanakin baya yayar mijina ta ce in saƙa wa jaririn da za ta haifa seti: bargo, riga, hula da safa. Ban yi maganar kuɗi ba, ita ma ba ta yi ba. Zare ya ci naira 9,000 daga aljihuna, maɓallai da ribon da kuɗin mota suka ci wajen naira 2,000. Mako uku ina yi, kullum kamar awa biyu bayan yara sun kwanta. Ranar suna kowa sai yabawa yake. Da za mu tafi ta damƙa min naira 10,000, ta ce, "Ga kuɗin zarenki, Allah ya yi albarka." Yanzu ƙawayenta biyu sun kira ni suna son irinsa "a yadda kika yi wa Hajiya". Ɗaya har ta ce ta ga seti a kasuwa naira 7,000. Maigidana ya ce ko in faɗi kuɗina ko in daina. Ni kuwa nauyi nake ji, kuma ban ma san nawa zan ce ba. Kwarashin da a da in na ɗauka nake jin sanyi a raina, yanzu ko kallonsa ba na son yi.

Ƙanwarki daga Zariya

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya raya yaro, ya ba mai jego lafiya.

Na karanta wasiƙarki sau biyu, duk biyun a wuri ɗaya na tsaya: "Ban yi maganar kuɗi ba, ita ma ba ta yi ba." A nan tulun ya fashe, tun mako uku kafin suna. Ranar suna ruwan ne kawai ya iso ƙafarki.

Bari in fara da kare yayar mijinki, ko da ba zai yi miki daɗi ba. Wanda bai taɓa riƙe kwarashi ba, in ya kalli bargo zare yake gani. Ba ya ganin daren da kika warware layi shida saboda ƙirga ta ɓace miki, ba ya ganin wuyanki da ya sage. Ita ta ƙiyasta kuɗin zare ne, ta cika ya zama 10,000, ta koma ɗaki tana jin ta fita kunyarki. Ƙila ma tana tsoron in ta ce "nawa ne aikinki?" ki ga kamar ta mai da ke bare. Mu Hausawa mun ƙware a wannan rawar. Mai yi tana jin nauyin faɗa, mai karɓa tana jin nauyin tambaya, a rabu ana murmushi, ɗaya ta tafi gida da ƙulli a zuciya.

Na san ƙullin nan, don na taɓa ɗaukarsa. Ina amarya, maƙwabciyata za ta aurar da 'yarta, ta ce in saƙa mata fararen shimfiɗun nan da ake yafa wa kujeru a baya da hannuwa, lokacin ana yayinsu. Guda 12, da siririn zaren da sai kin matso da fitila kike ganin idonsa. Na ƙarasa na ƙarshe a daren da za a yi jere, an ɗauke wuta, na maƙale tocila tsakanin kunci da kafaɗa, zaren ya yi min shata a yatsa kamar an ja da reza. Bayan biki aka aiko yarinya da kwanon alkaki da cincin, wai in ji Mama Allah ya bar zumunci. Na karɓa, na yi godiya, har tukwici na ba yarinyar. Sannan na shekara biyu ina gaishe da matar nan sama-sama, ita kuwa baiwar Allah ba ta ma san ana yi ba. Ranar da na kai wa gwaggona ƙara, dariya ta yi har da riƙe ciki. Ta ce, "Ke da kika sayar ba ki faɗi kuɗi ba, wa kike bi bashi?" Har yau ban samo mata amsa ba.

Don haka 10,000 ɗin nan ki bar ta ta wuce. Kada ki nemi ciko, kada ki yi habaici, kada ki aika maigida. Ki juya niyya: kyauta kika yi wa yaron da ke ma ɗanki ne, uwarsa ta mayar miki da kuɗin zare. A haka kin fita da lada da mutunci. Abin da ba za ki bari ba shi ne wannan kyautar ta zama farashinki a gari, kuma hanyar da aka kama ke nan.

Yanzu mu zo kan "nawa zan ce". Ɗauko biro da bayan littafin ɗalibai.

Kin kashe 9,000 a zare da 2,000 a tarkace, 11,000 ke nan. An ba ki 10,000. Ashe ko kuɗinki ba su dawo ba, ke kika yi cikon 1,000. In ma mun yafe tarkacen muka ce 1,000 ta hau kan kuɗin zare, ki raba ta da awannin da kika yi. Awa biyu sau kwana 21, awa 42. Kowace awa ta tashi naira 24 ba ta cika ba. Ki kai wa mai shago ki ga abin da zai ba ki.

To nawa ya kamata awa ɗaya ta ci? Ni ma'aunin da nake ba masu farawa shi ne mafi ƙarancin albashi, don ba ni na ƙirƙiro shi ba, kuma ba wanda zai ce kin yi zari. A Yulin 2024 aka sa hannu a dokar da ta kai shi naira 70,000 a wata. Ma'aikaci yana yin kwana 22 a wata, awa takwas a yini, awa 176 ke nan. In kin raba, awa tana kama naira 400 saura kaɗan. Wannan ladan wanda ba a nemi ya iya komai ba ne, ke kuwa shekaru kika yi kina koyon abin hannunki. Amma mu tsaya a nan ɗin. Awa 42 sau 400, naira 16,800. Ki haɗa da 11,000, ya zama 27,800. Har yanzu ba ki ci riba ba, ladan zamanki kawai kika karɓa. Riba daban take, ita ce za ta sayi sabon kwarashi in wannan ya lanƙwashe, ta biya datar da kike kallon sabon salo da ita, ta rufe asarar dunƙulen da yaro ya zuba wa shayi. Ki ɗora kashi 15 cikin 100, ki ga kin doshi 32,000.

Na san kin zaro ido. Kowa haka yake yi ranar farko.

Za ki ji wasu suna cewa a ninka kuɗin zare sau uku, shi ke nan farashi. A setinki dabarar ta kusa dacewa, 27,000, amma katari ne kawai. Ki gwada ta a kan shimfiɗun kujerar da na ba ki labari: zaren duka bai taka kara ya karya ba, aikin kuwa ya ci wata guda. Ko 'yar tsanar nan da ake cusa wa auduga, dunƙule ɗaya ba ya ƙarewa amma ido da kunne da ƙafa sai sun cinye miki yini. Ki juya kuma ki ɗauki zare mai kauri mai tsada, wanda kafin la'asar kin gama mayafin wuya da shi. A can kin cuci kanki, a nan kin cuci mai saye. Zare ana auna shi a sikeli, aiki kuwa da agogo ake auna shi, kada ki bar ɗaya ya yi wa ɗaya magana.

Sai dai agogon ma a yi masa adalci. Awa biyun da kike yi bayan yara sun kwanta, nawa ne a ciki saƙa, nawa ne duba waya da tashi kashe murhu? Abu na gaba da za ki saƙa, ki kunna agogon waya in kin ɗauki kwarashi, ki tsayar in kin ajiye, ki rubuta. Layin da kika ɓata kika warware, ba mai saye zai biya ba. Salon da yau kika fara koya, rabin lokacinsa makaranta ce, ke za ki biya wa kanki kuɗin makaranta. Sai kin saƙa abu sau uku kike sanin ainihin awanninsa. Ki sami ƙaramin sikelin kicin ma, ki riƙa auna abin da kika gama. In hula ta ci giram 40 daga dunƙule mai giram 100, kin san kuɗin zarenta ba tare da kintace ba.

Mu dawo kan ƙawar Hajiya da ta ga seti a 7,000. Ba ƙarya ta yi ba, akwai shi. Na inji ne, ko na kamfani da aka shigo da shi, ko kuma gwanjo. Saƙar tsinke biyu inji ya daɗe da ƙwace ta. Tun 1589 wani Bature a Ingila mai suna William Lee ya ƙera injin saƙa safa, kuma jikokin wannan injin ne suke ɗakunan matanmu a Kano da Zariya da Jos, ana ja ƙarr, ƙarr, kafin azahar an sauke rigar sanyi. Mai injin ba ta cuci kowa ba in ta sayar da arha, awanninta ne kaɗan. Kwarashi kuwa har yau ba a yi injin da yake yin irin saƙarsa ta hannu ba. Kowane ido da ke jikin bargon nan yatsunki ne suka ja shi, ga shi kuma ya fi saƙar tsinke cin zare.

Kuma ke da kike Zariya ba sai an yi miki dogon bayani ba. Garinku ne garin babbar riga mai ɗinkin hannu. Wa ya taɓa shiga cikin birni ya ɗaga riga mai aska takwas, wadda aka yi watanni ana bi da allura, ya ce ai ya ga ta inji a kaza? Dariya za a yi masa. Mijin matar nan da kansa ya san bambancin hular hannu da ta inji, yana kuma biyan bambancin ba tare da ya yi gardama ba. Mutanenmu sun san darajar aikin hannu sarai. Saƙar mata ce aka saba karɓa a kuɗin zare, don a ɗaki ake yin ta, da dare, kuma masu yin ta ba sa buɗe baki. Ba sai kin yi jayayya da ita ba. Ki ce, "Gaskiya ne Hajiya, akwai na 7,000, kuma yana da kyau, na inji ne. Nawa na hannu ne, mako uku yake ci." In na 7,000 ya dace da aljihunta, ta saya, ba ta yi laifi ba, ke ma ba ki yi asara ba.

Ga kuma gaskiyar da masu koyar da sana'a a waya ba sa son faɗa: mutane kaɗan ne za su ba da 32,000 a kayan jaririn da zai fi ƙarfin rigar kafin wata huɗu. Lissafi daidai ne, amma kasuwa ba ta karanta lissafi. Kada wannan ya sa ki karya farashin bargo. Ki canza abin da kike kai wa kasuwa. A ce hula da safa na jariri suna cin zaren 1,000, leda da ribon 300, aikin awa uku. Sun tashi 2,500, ki sayar 3,000. Mace za ta miƙo 3,000 tana hira, ba ta ko tsaya tayawa ba, don abin da za ta kai barka ne. Goma irin wannan sun fi miki bargo ɗaya da za ki yi wata kina roƙon a saya. Ƙananan kaya su ne abincin mai kwarashi: takalman jarirai, abin ɗaure gashin yara, 'yar jakar hannu, hular sanyi ta 'yan makaranta. Bargo kuwa ki bar shi a matsayin babbar riga. Mai so ya biya kuɗinsa, ko ki yi shi kyauta ga wanda zuciyarki ta zaɓa, kina sane.

Yanzu maganar baki, wadda ita ce ta fi miki wuya. Ki fara da yayar mijinki kafin ki amsa wa ƙawayenta. Ki taka ki je duba mai jego, zumunci a ƙafa yake, ki ɗauki yaro ki yi masa wasa, sai in za ki tashi ki ce: "Yaya, ƙawayenki sun kira ni, na gode da tallar da kika yi min. Amma ina so ki ji daga bakina kafin in ba su amsa, kada su zo miki da magana. Na yaronmu kyauta na yi, kuɗin zare ne kika mayar min. Na sayarwa 32,000 yake tashi." Za ta ce, "Kai! Har haka?" Ki yi murmushi ki ce har haka. Kada ki yi wannan maganar a zauren WhatsApp na dangi, kada ki yi ta da saƙon murya. Abu biyu za ki samu. Ta san girman abin da kika yi mata, wanda da ba ta sani ba, kuma in ƙawayen suka koma mata da ƙorafi, ta riga ta san amsa. Ban yi miki alkawarin ba za ta ɗan yi fushi ba. Fushin kwana biyu ya fi ƙullin shekara biyu sauƙi, ni shaida ce.

Su kuma ƙawayen, gajeriyar magana: seti cikakke kaza ne, in an cire bargo riga da hula da safa kamar 13,000, ana ba da rabi kafin a sayi zare, ana karɓa bayan mako huɗu. Kin faɗa, sai ki yi shiru. Shirun nan zai yi miki tsawo kamar wa'azin da aka fara bayan an ci tuwo, amma ki daure. A cikinsa ne mata suke kashe kansu da "amma dai ki ba da abin da ya sauwaƙa" ko "ai ba komai, ko nawa ne". Wannan jimlar ta cinye jarin mata fiye da gobara. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Malaman fiƙihu ma sun sa sanin lada tun farko cikin sharuɗan ɗaukar mutum aiki, don gudun irin abin da ya same mu ni da ke.

Bahaushiya dai sai ta taya, ko da kin ce mata kyauta ne. Ki bar mata ɗan wurin tayi, kamar 2,000 a kan babban aiki, ki kuma san ƙasan da ba za ki sauka ba tun kafin ki ɗaga waya. In ta sauka ƙasa da nan, kalmar tana nan kakanninmu sun bar mana: albarka. Ba zagi ba ce. In kuma da gaske take so amma kuɗin ne bai kai ba, a rage aiki maimakon a rage lada. A ƙanƙanta bargon, a cire furannin gefe, a yi launi ɗaya maimakon uku.

Kafin alƙalamin nan kada ki yi wasa da shi, ko da uwar ɗakinki ce. Dalili na farko, zare. Yawancin abin da muke kira ulu a kasuwa ba gashin tunkiya ba ne, akirilik ne, daga sinadaran man fetur ake yin sa, kuma ko dai shigo da shi ake yi ko da kayan waje ake sarrafa shi. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 aka kuma saki naira a watan Yuni, dalar da ba ta kai naira 500 a farashin hukuma ba ta haura 1,500 a 2024, zare kuwa ya bi ta a guje. Farashin da kika faɗa yau, ki ce na mako ɗaya ne. Dalili na biyu, rini. Launi ɗaya, kamfani ɗaya, amma in ba tukunya ɗaya aka rina su ba, sai ki ga rabin bargo ya fi rabi haske, kuma ba ya nunawa sai an shanya a rana. Dole ki sayi zaren aiki gaba ɗaya a rana ɗaya, har da ɗoriyar dunƙule guda, wannan kuwa da kuɗin mai kaya ake yi, ba da albashinki ba. Na uku, wadda ta ba da rabi ba ta mantawa ta yi oda. In ta tiransifa ne, ki ga kuɗi a asusunki da idonki, hoton rasit ba kuɗi ba ne. Amma fa ki tuna kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Kin karɓi rabi, ranar da kika ce ita ce rana. Shi ya sa na ce mako huɗu a aikin mako uku, don yaro zai yi zazzaɓi, za a yi rasuwa a unguwa, makaranta za ta ce a kawo sakamakon jarrabawa.

Dangi kuma za su ci gaba da zuwa, gara ki yanke musu hukunci tun yanzu. Ƙofa biyu ce: ko kyauta ce kin faɗa da bakinki, "wannan ni na ba yaro", ko ciniki ne mai ragin dangi wanda kowa ya sani, a ce kashi ɗaya cikin huɗu na ladan aiki, ban da kuɗin zare. Ta tsakiyar, wato a yi shiru a ga abin da za a bayar, ki toshe ta da bulo. Ki rubuta farashinki a takarda, ki ɗauki hotonta, duk wadda ta tambaya ki tura mata. Takarda ba ta jin kunya. Haka in kin ɗora hoton kaya a WhatsApp ko Instagram, ki ɗauka da hasken safe a kan farin zani, ki rubuta kuɗin a ƙasa. "A biyo ni ta ciki" tana korar mai kuɗi, tana jawo mai son hira.

Wani ɗan abu da zai ɗaga darajar kayanki ba tare da kin kashe ko sisi ba: ki riƙa gaya wa mai saye yadda za ta kula da su. Akirilik ba ya son tafasasshen ruwa, ba ya son dutsen guga, saki yake yi ya zama lagwani. In wuta ta taɓa shi kuwa narkewa yake ya manne, kuma kin san ɗakin mai jego da hunturu ba ya rabuwa da kaskon garwashi ko na turaren wuta. Ki faɗa mata ta nisanta. Maɓallan rigar jariri ki ɗinke su da ƙarfi, ki ja ki gani, don duk abin da ya ɓalle baki zai nufa. Dogon igiya a wuyan hula ki daina sawa gaba ɗaya.

Ki kuma san lokacinki. Kayan sanyi daga Nuwamba zuwa Fabrairu suke tafiya. Mai wayo tun Agusta da Satumba take tarawa, ana ruwa tana saƙa. A Afrilu kuwa, ana neman inda za a sa rai don zafi, ko kyauta kika ba mutum hular ulu sai ya harare ki.

Saura maganar da ta fi damuna a wasiƙarki, ta ƙarshe, cewa ko kallon kwarashi ba kya son yi. Maigidanki ya ce ko ki faɗi kuɗi ko ki daina. Allah ya saka masa, ya fi mazaje da yawa da za su ce ki yi wa yayata haƙuri. Amma ya manta hanya ta uku: ki ci gaba da saƙa, ki ƙi sayarwa. Kina da albashi, kina da yara biyu, kina da aji cike da 'ya'yan mutane. Awa biyun nan na dare su kaɗai ne naki a yini, kuma ba dole ba ne duk abin da mace ta iya ya koma sana'a. In lissafin da muka yi ya sa kin ji ƙwarin gwiwa, bismillah, ki karɓi oda ɗaya a lokaci guda, kada ki haɗa biyu, ki ware dare biyu a mako da ba kya taɓa aikin kowa sai abin da ranki yake so, ko da ba shi da mai sawa. In kuwa kin ji gabanki ya faɗi da kika tuna za a riƙa kiranki ana "an gama?", to amsar ƙawayen Hajiya ita ce, "Wallahi ba na karɓar aiki yanzu, makaranta ta sha min kai." Ba ƙarya kika yi ba. Ko wanne kika zaɓa, ki riƙa ajiye kwarashi bayan kowane rabin awa ki miƙe yatsu ki juya wuya, kuma in kin fara jin yatsu suna dindiris ko wuyan hannu yana zafi da dare, ki huta kwana biyu, in bai daina ba ki ga likita.

Ni dai har yau ina saƙa, ina kuma sayar da hula da takalman jarirai in hunturu ya kama. Shimfiɗar kujera ce na yi rantsuwa da ita. Bara wata ta ga tsohuwar guda ɗaya da ta rage a ɗakina, ta ce yayinsu ya dawo, in yi mata 12 ko nawa ne za ta biya. Na ce mata albarka tun ba ta taya ba.

Antinki